Keji Na Bakwai

Ƙarfe biyar na asuba a Gubi,
janareto ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Na haska tocila, na ƙirga su:
goma sha ɗaya na zirga-zirga,
na sha biyun ya takure a lungu, gashi a tashe,
saifa ta kumbura masa ciki
kamar ya haɗiye dabino da ƙwallonsa.

A gidanmu na Wunti tarko muke ɗana wa irinsa.
A nan ni ke sauya masa ruwa,
in auna shi, in rubuta,
in ce masa sannu idan ba kowa.

Dokta Gidado ya ce, bar neman ƙwayar cutar,
nemi abin da ta zubar a hanya.
Na tatsi ɗigo uku daga jela,
inji ya wulwula su,
ja ya kwanta, ruwan ya taso garau.
Ido bai ga komai ba.
To, wa ya taɓa ganin kanwa
bayan ta narke a randa?

Ɓarauniya ce mai dabara.
Sai ta yage rigarta, ta watsa tsummokin a jini,
karnukan gida su bi kowane ƙyalle da haushi,
bakinsu ya cika da zare,
ita kuwa tana can cikin ɓargo
ta miƙe ƙafa,
tana sa 'ya'yan gida haihuwa ba hutawa.

Bappayo, ƙanena,
bana shekara tara.
Aka ce shawara ce, aka ce sammu,
muka jiƙa saiwa, muka sayar da tunkiyar Inna,
sai da dasashinka ya fara tsiyaya
likita ya faɗi sunanta: sankarar jini.
Taka ba irin ta ɓera ba ce,
Dokta ya sha gaya mini.
Na ji.
Amma hannuna bai ji ba,
rawa yake duk sanda na ɗaga murfin keji.

Da hantsi, a kan faranti,
tsakanin rami da rami,
wani siririn layi fari ya bayyana
kamar jinjirin wata.
Na rubuta: keji na bakwai, akwai.
Na waiwaya in gaya wa mai jinin,
ya riga ya sandare.

Na naɗe shi a takarda, na wanke hannu sau uku.
A bakin get mai masa ta ce,
yau ma na nawa?
Na ce ta bari tukuna.