Kashi Talatin da Bakwai

Saƙon ya iso ranar Laraba daga Santiago,
layi biyar, ba ko gaisuwa:
kowa ya sabunta babbar manhajar kwamfutarsa da kansa
kafin Juma'a ta rufe ido.
A ƙasa an ƙara: abu ne mai sauƙi.
Mai rubutun bai taɓa ganin teburina ba.

Da can Don Osvaldo ke yi mana.
Ya zo da jakarsa mai warin taba,
ya kore mu shan shayi,
mu dawo mu tarar an gama.
Bara aka sallame shi da agogon bango da tafi.
Yanzu yana kamun kifi a Quintay,
mu an bar mu da takarda mai hoto goma sha ɗaya.

Ni Ximena, shekara ashirin da shida
ina cike takardun kwastan a Valparaíso.
Na san nauyin kwantenar inabi ko ban duba ba,
na san jirgin da ke ƙarya kan ranar isowarsa,
amma da allo ya ce, "Kin amince?"
sai yatsana ya tsaya a sama
kamar kaza a bakin rijiya.

Benjamín, yaron shekaranjiya,
ya danna bai karanta ba, yana gatsar tuffa.
Firinta ta manta da shi nan take.
Eliana ta kwafe fayilolinta sau uku,
ta ɗauki hoton allon da wayarta,
wai saboda halin rayuwa.
Ni hoton jikata na fara kwashewa,
yadda ake fitar da yaro kafin a yi wa ɗaki feshi.
Sannan na danna.

Kashi huɗu.
Kashi goma sha tara.
Kada ki kashe, in ji shi, kamar ni ce mai laifi.
Kashi talatin da bakwai,
nan ya tsugunna, ya ƙi gaba, ya ƙi baya.

Ofis ya yi tsit.
Ashe tagarmu na kallon teku.
Ashe keken nan mai hawa tudu a kan waya
yana kuka duk ya kai tsakiya.
Eliana ta yanka burodi, ta dama piya da gishiri.
Hernán, akawun da ke bayana shekara tara,
wanda ƙeyarsa kawai na sani,
ya ce 'yarsa tana Punta Arenas,
wata takwas ba ta kira ba.
Ya faɗa ne yana kallon allonsa,
mu ma muka saurara muna kallon namu.

Sai ƙasa ta ɗan motsa,
irin girgizar da ba ma ajiye kofi dominta.
Yau kam kowa ya rungume kwamfutarsa,
Benjamín har da dafe soket da ƙafa.
Dariya ta kama mu har hawaye,
Hernán ya fi kowa.

Shida saura kwata ta farka,
fuska sabuwa, shuɗiya, ba tabo.
Ta ce mini sannu.
Ta tambaye ni ko ni wace ce.
Shekara goma sha ɗaya muna hantsi tare!
Na rubuta mata sunana, harafi harafi,
kamar mai gabatar da kanta a gidan da ta gina.

Manhajar kwastan ta ƙi buɗewa.
Kwantena biyu na jira a tasha, inabi ba ya jiran kowa.
Da tsohuwar zuma ake magani:
na kira Don Osvaldo.
Iska ce ta fara amsawa, sannan shi.
"Kashe ki kunna."
Na kashe. Na kunna. Ta buɗe.

Na ce, "Kifin fa, ya kama?"
Ya yi shiru, ina jin teku na numfashi a bayansa.
Ya ce, "Tun safe yana kashi talatin da bakwai."

Da na juyo, Hernán na tsaye a bakin taga,
waya a kunne,
tana ringi, tana ringi,
bai kashe ba.