Bangon da Suka Toshe

A shagon Nomau, can cikin Mokoyo,
dala biyar kan saya maka minti goma
in kuran bai ɗauke ba.
Tele mai ƙatuwar ƙeya, benci mai gurguwar ƙafa,
ni da Tsahiru, gwiwa na gugar gwiwa.

Mutumin cikin wasan farko kansa kamar bulo,
hannu ba yatsu, fuska shafen fenti.
Yana bisa allo mai taya huɗu,
yana sulu a wani gari da babu rairayi ko cikin cokali,
mu kuwa a lungunmu ko amalanke sai ta yi nishi.

Ingilishi yake yi, mu Faransanci lakwal ta ba mu,
sai muka raɗa wa tsallensa suna:
juyin waina,
kwaɗo ya ji ruwan zafi,
da wanda Tsahiru kaɗai ya iya,
wasa wuƙa a ƙarfen matakala,
tartsatsi na tashi, Nomau na cewa
kai yaro, a hankali da manet ɗina, ba na ubanka ba ne.

Faifan duk ya karce.
Mukan hura masa iska, mu goge da gefen riga,
mu yi bisimilla kamar za a ci tuwo.

Akwai wani bango bayan wurin ajiye motoci.
In ka doke shi ta kusurwa, da gudu, kana tsugune,
sai ka ratsa.
Bayansa ba gari, ba ƙasa,
shuɗi kawai, kana ta faɗawa ba ka isa ko'ina.
Tsahiru ya gano shi ranar wata Laraba.
Muka kashe kuɗin gyaɗar inna a wannan faɗuwar,
dukan da muka sha bai kai dariyar ba.

Jiya ɗan ƙanwata, Mubaraka, ya ja ni wani shago a Zariya,
mai sanyin inji da kujerun roba,
ya ce kawu zo ka ga na biyu.

To, gaskiya ɗaya ce.
Na biyu ya fi.
Ana ganin zufa a wuyan mutumin,
inuwarsa na binsa, igiyar takalminsa na rawa.
In ya faɗi yakan riƙe gwiwar hannu,
har ni sai da na ce wash.
Garin ya yi faɗi, ka yi ta tafiya kamar daga nan zuwa Tibiri,
tayoyin na canza murya in sun bar kwalta sun hau katako.
Sai dai kafin ka hau allo sai ka zaɓi hula,
ka zaɓi wando,
wani ya kira ka a waya ya ba ka aiki.
Na ce Mubaraka, wannan ai kasuwa ce.
Ya ce kawu, ka danna kawai.

Yatsuna da suka saba da keken ɗinki
sun tuna abin da kaina ya manta.
Na sami wurin motocin, sun maido shi, har da fitilu.
Na ja baya, na tsuguna, na nufi kusurwar.

Gum.
Mutumin ya zube, ya tashi, ya kakkaɓe riga.
Na sake. Gum.
Sun gyara.

Mubaraka ya ce kawu ba ka iya ba,
nan ai bango ne.
Na ce haka ne.

Tsahiru shekara tara ke nan a Jado, wajen zinariya,
muryarsa kan zo da salla, tana yankewa.
Da dare na aika masa saƙo:
an yi na biyu, ya fi kyau, sun toshe bangon.
Har yanzu alama ɗaya ce a gefen saƙon,
bai isa ba tukuna,
yana ta faɗawa cikin shuɗin.