Rajistar da Gara ta Rage

Bayan Jega, kan hanyar da ke gangarawa gulbi,
akwai gini mai jan kwano, tagoginsa da sandunan ƙarfe.
Yanzu albasa ake shanyawa a barandarsa.
Yaran da ke ɗinke buhu sun ce sito ne tun fil'azal.
Na yi murmushi, ban musa ba.

Shekara ashirin da bakwai ni ke riƙe da kati a nan.
Kafin a aza tubali ɗaya, tsamiya ce da turke,
da mari a ƙafar wanda danginsa suka gaji.
Ran da gwamnatin jiha ta yanke ƙyalle a ƙofa
likita ya kira Gado maƙeri,
ya sare sarƙa goma sha ɗaya kafin azahar.
Mutum guda ya ɗauki tasa ya rungume,
ya ce ita kaɗai ce ba ta taɓa barinsa ba.

Allo ya ce: Asibitin Masu Taɓin Hankali.
Gari ya ce abin da ya ga dama.
Mai amalanke iyakarsa bakin kwalbati.
Amma bayan isha fa,
sai mota ta kashe fitila tun daga nesa.
Manya ne, sun kawo nasu,
suna roƙona in rubuta sunan da ba nasa ba.

Sista Rifkatu, 'yar Zuru, allurarta ba zafi.
Ta san mai son fura da tsami,
ta san wanda bai cin tuwo sai an ɗanɗana a gabansa.
Tumba, wadda haihuwa ta juya wa kai,
wata huɗu tana goyon matashin kai.
Ranar sallama ta ninke majanyin, ta miƙa wa Sista,
ta ce, "A ba wata."
Ba ta waiwayo ba.

Sai Malam Hakilu, tsohon malamin lissafi,
mai ƙirga ramukan rufi kowace safiya.
Ya ce mini, "Akawu, gidan ga zai riga mu rikicewa."
Na sa maganar cikin alamomin ciwo.
Ban san riga mu gani ya yi ba.

Magani ya fara zuwa wata ɗaya, ya tsallake biyu.
Ɗan kwangilar abinci ya mayar da wake ruwa.
Injin wuta ya yi tari, ya yi shiru.
Likita ya tafi ƙaro ilmi, ya bar takalminsa ƙarƙashin tebur,
gizo-gizo ya gaje shi.
Takarda ta zo daga Birnin Kebbi, layi uku da hatimi:
a kwashe marasa lafiya, a rufe.
Mota biyu ta isa.
Mu ma'aikata aka raba mu kamar goron suna.
Su goma sha tara da ke kwance bayan katanga, cikin sabara,
takardar ba ta ambace su ba.

Rajista ɗaya na soke a hammata na fita.
Damina uku da suka wuce gara ta iske ta a akwatina,
ta cinye layin Ciwo, ta cinye layin Magani,
ta bi gefe, ta bar sunaye tsaye a sahu:
Arzika, Ige, Nomau, Hassi.
Ashe gara ta fi ni sanin aikin akawu,
abin da ta share ba shi ne mutanen ba.

Jiya na je sayen albasa.
Mai kasawa ya ɗago kai: Nomau ne, gado na bakwai.
Ya yi furfura, ya yi jiki, biro a bayan kunne.
Ya dube ni, na dube shi, yaransa suna kallo.
"Baba, kashi nawa?"
Na ce biyu. Ya zuba uku,
ya ƙulle bakin leda da hannun da ya daina rawa.
Ni ban ce na san shi ba.
Shi ma bai karɓi kuɗina ba.