Rana a Kan Kwano

A Mile 12, bayan 'yan tumatir,
inda ruwa ke zama kamar baƙon da ya manta hanyar gida,
nan na kafa keken ɗinkina shekara tara.
Nepa 'yar leƙe ce,
ta zo da asuba, kafin shayi ya huce ta tafi.
Janareton Baba Ibeji ke yi mana tari har biyun dare,
hayaƙin ya kama atamfar mutane,
ni ce mai ba da haƙuri.

Saude ce ta fara, autata,
ta kawo waya dab da hancina:
"Inna, dubi wata mata,
ta ɗora allo a rufinta, rana na biya mata kuɗin wuta."
Na ce, wace rana?
Wannan da ke gasa mini ƙeya a gadar Ketu?
Ta ce, ita fa.

Muka yi ta kallo, data na ƙarewa muna ƙaro ta ɗari biyu.
Jar waya nan, baƙa can.
Kada batir ya kwana a ƙasa.
Kada a jona dutsen guga, zai lashe shi tas.
Na rubuta duka a littafin awo,
tsakanin ƙugun Hajiya Ladidi
da tsawon hannun wani ango da bai dawo karɓar kayansa ba.

Da adashi ya zagayo kaina na hau danfo sai Alaba.
Obinna ya rantse allon ɗan Jamus ne,
na rantse ban yarda ba,
muka daidaita.
Na rungumo batir a cunkoson Oshodi
kamar mai jego ta fito asibiti,
kwandasta na neman kuɗin mutum biyu.

Ɗan'asabe mai walda ya hau kwano ya ɗaure.
Da magariba ƙwai ɗaya ya kama,
shiru, babu tari, babu wari.
Na daɗe ina kallonsa, har Saude ta ce ko kuka nake.
Na ce zare ne ya shiga idona.

Sauran kuma a hankali na tara:
takardun haihuwa cikin leda biyu, a saman sif,
jarka uku na ruwa,
garin kwaki, ƙuli, gishiri, ashana a kwalbar man shafawa,
maganin hawan jinina na wata guda,
lambar ƙanena da ke Agege
rubuce a bango, don waya ma tana mutuwa.
Maƙwabta suka ce Hausa ta shirya hijira.

Daren da kogi ya cika ya batse
ba a yi sallama ba.
Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ɗauki silifa,
ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri.
Janareton Baba Ibeji ya sha ya ƙoshi, ya yi shiru.
Layinmu duka baƙi ƙirin,
sai tagata.

Iya Ronke ce ta fara ƙwanƙwasawa, jika a goye,
sai mai gyaran takalmi, sai 'yan Calabar biyu na ɗakin baya.
Muka hau gado, muka hau tebur,
kan kekena a cinyata.
Waya goma sha ɗaya na shan wuta a layi,
kowa na gaya wa nasa da harshensa cewa yana raye.
Na jiƙa gari a bokitin wanka,
ba wanda ya tambayi sukari.

Kwana biyu gajimare ya hana,
batir ya soma kyafta ido ina yi masa addu'a.
Ran na uku ta fito.
Laka har gwiwa, katifa ta tafi,
atamfa huɗu sai na biya.
Na ari tsanin Ɗan'asabe,
na hau da ƙyallen shadda a hannu,
na goge mata fuskar allo.