Yatsu Biyu

Ƙarfe shida nake isowa, Salford ba ta farka ba,
makullai goma sha tara a ƙuguna.
Na san warin kowane aji:
jiƙaƙƙun riguna, ɓawon lemo, gam,
da numfashin jiya da ya kwana bai sami ƙofa ba.

A bangon aji na huɗu an liƙa wata 'yar na'ura,
ba ta fi sabulun wanka ba.
Da safe idonta kore ne.
Kafin sha ɗaya, yara talatin sun shaƙa sun fesar,
sai ya yi ja kamar gauta,
kawuna su fara sauka kan tebur.
Malama Pritchard ta daɗe tana cewa lalaci ne.
Ashe iskar ce ta gaji.

Barira, mai zama kusa da hita,
da shuɗin abin shaƙarta a aljihu,
ƙirjinta na busa usur in ta yi dariya.
Sai ta rage dariya.

Tagogi biyu ne, fenti ya cinye su.
Shafi bakwai na ƙirga da bakin wuƙa:
fari, kore, da wani ruwan ƙasa da ya girme ni.
Ran Asabar na zo, ba wanda ya aike ni,
na yi ta kankara har la'asar.
Da suka buɗe, sun yi ƙara
kamar gwiwar tsoho zai miƙe.

Litinin sanyi ya shigo a guje,
hayaƙin bas na bin sa a baya.
Shugaba ta ce, kuɗin gas fa, Haladu?
Na ce a bar mini yatsu biyu kawai.
Muka daidaita: ta titi a rufe,
ta filin wasa yatsu biyu,
sai akwatin tace iska da iyaye suka yi wa karo-karo,
yana minshari a lungu kamar kyanwa ta ƙoshi.

Ban ce na warkar da kowa ba.
Amma duk ran da na zare matatar, baƙa ƙirin,
nakan tsaya da ita a hannu:
da a ƙirjinsu wannan zai kwana.

Jiya ina goge baranda
dariya ta taso daga aji na huɗu,
doguwa, har da bugun tebur.
Na tsai da tsumma, na kasa kunne
ko usur zai biyo baya.
Sai aka buga ƙararrawa.