Teburin Baba

Ƙarfe tara na safe, ban ko sa hula ba,
ban tsai da Adaidaita ba,
ban ga cunkoson Ƙofar Nassarawa ba.
Ofishina yana nan Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin randa da taga,
a ɗakin da aka binne cibiyata a bayansa.

Maigidana yana Legas, ban san tsawonsa ba.
Daga ƙirji zuwa sama na san shi,
shi ma haka ya san ni:
shadda a sama, a ƙasa gajeren wando.
Ya ce, yi aikinka sa'ad da ka ga dama,
ko da asuba ko bayan lisha, mu dai mu gani a ƙasa.
Na gode masa.
Ni nake kai Mudassir makaranta da kaina,
ina zuwa jana'iza ban nemi izinin kowa ba,
ranar da Inna ta zame a bakin rijiya
taku goma ne tsakanina da ita.
Wannan ni'ima ce, ban raina ba.

Sai dai aikin da ba shi da ƙofar shiga
ba shi da ta fita.
Yana bi na har tabarmar cin tuwo,
yana motsi a aljihuna a sahun magariba.
In na rufe kwamfuta da dare
sai in dubi tafin hannuna, sumul kamar na jinjiri.
Me na yi yau?
Na kwashe lambobi daga wannan gida na zuba a wancan,
na amsa saƙo arba'in da ɗaya.
Gobe wani zai goge ya sa nasa.

Bayan katangarmu Dayyabu ne, mai walda.
Shi wutar lantarki ce maigidansa,
in ta zo ƙarfe biyun dare, ƙarfe biyun dare zai tashi.
Ran Talata ina tsakiyar taro injinsa ya ɗauki kuka.
Na fita da magana cike da baki,
na same shi a tsugune yana haɗa ƙyauren wani ango,
rigarsa duk huda, idanunsa kamar garwashi.
Ya ɗage gilashi ya ce, Malam, a yi haƙuri, saura kaɗan.
Na ce sannu da aiki,
na haɗiye sauran.

Mako bai zagayo ba hadari ya taso daga gabas,
iska ta fizge ƙafar sola daga kan rufina.
Ofis, da Legas, da taro,
duk suka mutu tashi ɗaya.
Dayyabu ne ya hau tsani, ni ina riƙe masa daga ƙasa,
abin da hannuna ya iya ke nan.
Kuɗin da ya karɓa bai kai na datar mako ba.

Teburin nan da nake ɗora kwamfuta a kai
Baba ne ya yi shi da maɗaci, a rumfarsa ta Na'ibawa,
shekarar da aka haifi yayata Uwani.
Kamfani uku na sauya a kansa,
kwamfuta huɗu ta mutu a kansa,
bai taɓa ɗingishi ba.
A ƙarƙashinsa akwai zanen fensir
inda Baba ya auna, ya soke, ya sake aunawa.
Bana shekara tara da rasuwarsa.
In sabis ya ɗauke, fuskar maigidana ta daskare a allo,
nakan kai hannu ƙasa in shafa sawun zarto
har ya dawo.

Jiya Mudassir ya ce, Abba, kai mene ne aikinka?
Na juya masa allon.
Ya duba, ya duba, ya ce, a'a, wanda ake taɓawa.
Kafin in samo amsa injin Dayyabu ya tashi,
yaro ya zura silifas ya nufi ƙofa.
Na bi shi da murya:
kada ka kalli wutar kai tsaye,
kuma ka gaishe shi.