Saura Ɗari Huɗu da Sha Ɗaya

A Tampere, hawa na uku na tsohuwar masaƙa,
inda rurin kogi ke shigowa ta tsagar taga,
yayana Aulis ya jawo aljihun tebur ya ƙirga.
Ɗari huɗu da sha ɗaya.
Ƙwaƙwalwar kwamfutar da ta rage mana ke nan.
Masana'anta ta aiko takarda mai layi biyu:
sun daina ƙera ta, sun gode da cinikin shekaru.

Ni ce mai riƙe littafin kuɗi,
shi ne mai ƙonannun yatsu da warin dalma.
Ya jera mini 'yan takara uku a kan farar takarda,
kowacce ba ta kai farcen babban yatsa ba.
Ta farko tana da gudu, amma sai da fanka,
ga zafi kamar murhun ɗakin gumi.
Ta biyu araha, tana cikin kowace waya,
sai dai mai ita yana karɓar haya.
Ta uku ba ta da ubangida, kowa na iya ƙerawa,
amma jaririya ce, ko rarrafe ba ta gama ba.

Na ce, Yuro tara ce fa, me ake jira?
Ya dube ni ta saman tabarau.
Vuokko, in ji shi, wannan kuɗin ƙofa ne kawai,
ba ki sa kuɗin tashi ba.

Sabuwar ba ta jin yaren tsohuwar.
Duk manhajar da aka rubuta cikin shekara ashirin da shida,
da dare, bayan an tashi aiki, ba ko sisi,
za ta tsaya gabanta kamar kurma a bakin kasuwa.
A sa tafinta? Ana iyawa.
Amma tafinta yakan ci rabin gudun,
wani zubin ya haɗiye kalma.

Akwai ta zane wadda Reijo ya rubuta.
Reijo yana maƙabarta tun hunturu biyar,
asalin rubutun ya bi faifan da ruwa ya ci a ƙasan bene.
Wa zai fassara abin da ba wanda ya iya karantawa?
Akwai Hilkka can a Oulu, mai kiwon zuma,
lissafin amyarta duk yana cikin injinmu na fari.
Ta bugo waya jiya: kada ku taɓa mini komai.
Ɗan ɗanta kuwa cewa ya yi, wannan akwati ya cika nawa.

Na buga lissafi har sau uku.
Masu rubutu biyu, wata goma sha takwas,
sabon allo, sabon gwaji, sabon kuskure.
In mun zauna, aljihu zai ƙare a bazara mai zuwa.
In mun tashi, rabin mutanenmu ba za su biyo mu ba.
Araha dai ba ta ado, tsada kuma ba mu da ita.

Ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya rufe gari.
Dusar ƙanƙara na sauka a kan layin tarago.
Aulis ya ɗauki ta ukun da hantsaki,
ya ɗaga ta saitin fitila, ya daɗe yana kallo.
Bai ce e ba.
Ya ce in nemo lambar yarinyar nan ta jami'a
wadda ta ce tana son gwada karanta aikin Reijo daga baya.

Kafin in kulle, na buɗe aljihun.
Na zare ɗaya, na naɗe a takardar gahawa,
na rubuta Hilkka a kai.
A littafi na sa ɗari huɗu da goma.